Sunan Da Ke Bin Sunan Yanka: Yadda Ake Zaɓensa

A yawancin gidajen Hausa, kwana bakwai ɗin da ke tsakanin haihuwa da ranar suna kan ƙare ne a kan tambaya guda: sunan wa za a mayar? Uba yana so ya yi wa mahaifinsa takwara, mai jego tana da nata a zuci ko da kunya ta hana ta faɗi, kakanni kuma kowa ya kasa kunne. Da an tsayar da sunan yanka sai a ɗauka magana ta ƙare. Suna na biyu, wanda takardun zamani ke kira sunan tsakiya, shi ake bari ya zo da kansa: ko wata gwaggo ta laƙa wa jariri ranar da ta zo barka, ko malamin makaranta ya cike gurbin da abin da ya ji ana kiran yaron ranar da aka kai shi aji ɗaya. A ganina an yi sakaci da wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Sunan yanka kusan a zaɓe yake zuwa, domin addini da zumunci da al'ada sun riga sun taƙaita shi. Inda iyaye ke da sarari sosai, kuma inda kuskure ke jan wahala daga baya, shi ne suna na biyu. Sau da yawa da shi za a riƙa kiran yaron har ya tsufa, shi ne kuma zai raba shi da dubban masu suna irin nasa. Aiki biyu ke nan, kira da bambancewa, kuma duk wani ma'auni da zan kawo a nan daga waɗannan biyun ya fito.

Dalilin da ya sa suna na biyu ke da wannan nauyi a wurinmu shi ne alkunya. A ce an sa wa yaro Ibrahim, sunan kakansa na wajen uba. Mahaifiyarsa ba za ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala kiran sunan surukinta ba, mahaifinsa ma bakinsa zai yi nauyi, 'yan'uwan uban duk haka. Kafin a yi arba'in yaro ya zama Abba, ko Baffa, ko Babangida, ko Halifa. Yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Ummi, ko Mama, ko Uwani, ko Walida. Ɗan fari ma haka, uwa ba ta cika kama sunansa ba. Sunan yanka sai ya koma na takarda da na ranar ɗaurin aure, na biyun kuma ya zama na yau da kullum. Ga kuma gidajen da kowane ɗa namiji Muhammadu ne saboda ƙaunar Manzon Allah (SAW), inda Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu ne kaɗai ke raba wa da ƙane. Wannan ba sabon abu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, 'ya'yansa biyu masu suna Aliyu sun hau gadon sarauta, kuma tarihi bai rikita su ba ne kawai domin ɗaya Aliyu Babba ne, ɗayan Aliyu Ƙarami. Tunda dai suna na biyu zai zo ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba, gara iyaye su zaɓa da kansu tun kafin a raba goro.

Matakin farko shi ne a ɗauki biro a rubuta sunan gaba ɗayansa, har da na mahaifi, domin sunaye biyun ba su kaɗai za su yi tafiya ba. Tsarin da aka fi sani shi ne sunan yanka, sai na biyu, sai na uba, wani lokaci a ƙara na gari ko na gida. Yusuf Maitama Sule misali ne mai tsabta: Yusuf na yanka, Maitama laƙabin Yusuf, Sule mahaifi. Shehu Usman Aliyu Shagari kuwa laƙabin ne ya shiga gaba, domin duk Usman Shehu ne a ƙasar Hausa saboda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Aliyu mahaifinsa, Shagari garinsu. A nan ne matsala ta farko take. Bahaushe ya saba idan ya ji sunayen maza biyu a jere ya ɗauka na biyun na uba ne. A Abubakar Atiku, Sarkin Musulmin da ya gaji Bello a 1837, Atiku laƙabinsa ne na kansa, wanda ya samo asali daga Sayyidina Abubakar. A ɗansa Ahmadu Atiku, wanda ya hau a 1859, Atiku sunan uba ne. Muhammadu Buhari ma mutane da yawa sun ɗauka Buhari mahaifinsa ne, alhali sunan mahaifinsa Adamu, Buhari kuwa rabin sunansa ne, na Imamu Buhari mai littafin hadisi. Saboda irin wannan ruɗani ne Shaihu Bakar Abu Zaid, a littafinsa Tasmiyatul Maulud, ya lissafa haɗa sunaye biyu irin Muhammad Ahmad cikin abin da ba a so. Hujjarsa tana da ƙarfi, tunda Alƙur'ani a suratul Ahzabi ya yi umarni a danganta mutane ga iyayensu maza, kuma duk abin da zai ɓoye nasaba abin gudu ne. Amma in an lura, abin da ake gudun shi ne ruɗanin, kuma ana iya kauce masa: a zaɓi suna na biyu wanda kunne zai gane nan take cewa na yaron ne, sa'an nan kada a taɓa yar da sunan uba daga ƙarshe.

Hanya mafi sauƙi ta samun irin wannan suna ita ce a koma ga laƙubban da aka gada, waɗanda kowane suna ke tafe da nasa. Abubakar yana da Siddiku, wanda yau aka fi rubutawa Sadik, yana da Atiku, a gida kuma Garba. Umar yana da Faruku da Sanda. Usman yana da Shehu da Zunnuraini. Aliyu yana da Haidar da Gadanga. Ibrahim Halilu ne, Musa Kallamu, Haruna Rashidu, Yusuf Maitama. Ahmad yana tafiya da Tijjani ko Rufa'i, Abdulƙadir da Jelani, saboda manyan shehunan da suka ɗauki waɗannan sunaye. Muhammadu kuwa ya fi kowa yalwa: Aminu, Bashir, Nazir, Mustafa, Habibu, Nasir, Kabir, Bello, Tukur, Sanusi, Inuwa. A ɓangaren mata, Fatima Zahra'u ce ko Batulu ko Binta, A'isha Humaira ko Siddiƙa, Hadiza Kubura, Halima Sadiya, Hauwa Kulu ko Jidda, Zainab Abu, Rabi'atu Adawiyya. Amfanin waɗannan shi ne an riga an gama gwada su a bakin mutane na ƙarnuka, kuma suna ɗauke da alkunyarsu a ciki: uwar da ba ta iya cewa Umar tana iya cewa Faruku ba tare da ta ji kunya ba, kowa kuma ya san wanda take nufi. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada a ɗora laƙabin wani a kan sunan wani. Ba haramun ba ne a ce Abubakar Faruk ko Usman Haidar, amma duk wanda ya ji zai ɗauka Abubakar ne ɗan Faruku, an koma cikin ruɗanin da ake gudu. 'Ya'ya mata sun huta da wannan, domin Maryam Sakina ko Hafsatu Nabila babu wanda zai ce Sakina ko Nabila uba ne, shi ya sa filin zaɓi ya fi faɗi a wajensu.

Ba kowa ne zai so ya tsaya a kan abin da aka gada ba, kuma babu laifi. Yau gidaje sun cika da su Afnan, Hanan, Ilham, Iman, Aiman, Arif, kuma da yawa daga cikinsu sunaye ne masu kyau. Sai dai wanda ya bar sanannen suna ya ɗauki baƙo, nauyin bincike ya hau kansa, kuma jerin sunayen da ake turawa a WhatsApp ba bincike ba ne. A samu malami ya rubuta sunan da haruffan Larabci ya faɗi ma'anarsa, domin rubutun boko yana haɗe haruffan da Larabci ya raba. Asiya matar Fir'auna, wadda ta yi imani, da Asiya mai ma'anar mai saɓo, wadda Annabi (SAW) ya sauya wa 'yar Sayyidina Umar ya mai da ita Jamila, a boko rubutunsu ɗaya ne, a Larabci kuwa kalmomi biyu ne daban. Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ma bai isa hujja ba, tunda Fir'auna da Hamana da Ƙaruna duk suna ciki. A guji sunan da ya keɓanta ga Allah in ba a gabatar da Abdu ba, kuma a tuna Abdurrahman suna ɗaya ne: mai cike fom da ya sa Abdul a gurbin farko, Rahman a na tsakiya, ya raba abin da ba ya rabuwa, ya kuma bar yaro da sunan da bai halatta a kira shi da shi ba. Bayan kowane suna ya tsallake shi kaɗai, sai a duba su tare. Muhammad Ahmad Mahmud tushensu ɗaya, haka Nura Munir, haka Sa'adatu Sa'ida. Maimaici ne da bai ƙara komai ba. Sunan da ke ba da labari kuma ya kamata labarin ya zama gaskiya. In an sa wa ɗan fari Salisu, ko aka ce Ɗanjuma ga wanda aka haifa Talata, ko Gambo ga wanda bai biyo tagwaye ba, zai ƙare rayuwarsa yana bayani, sai fa in takwara aka yi wa wani mai sunan, wanda wannan uzuri ne da kowa ke karɓa.

Wannan ya kawo mu ga sunayen Hausa na asali, waɗanda nake ganin an yi saurin juya musu baya. Tanko, namijin da ya biyo mata, da Kande ko Delu, macen da ta biyo maza, da Auta, da Azumi da Ɗan'azumi, da Sallau da Tasalla, da sunayen ranaku irin su Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, duk an yi su ne domin wannan gurbi na biyu. Gajeru ne, ba su yi wa kowa nauyi a baki, ba sa buƙatar a tambayi malami, kuma suna bambancewa fiye da sunan Larabci na yayi, wanda a aji ɗaya za a samu yara biyar da shi. Masu cewa waɗannan sunayen ƙauye ne ko na Maguzawa su dubi yadda Hauwa Jummai ko Ibrahim Tanko ke zama a kunne, sa'an nan su tuna shari'a ba ta hana suna don ba Larabci ba ne, abin da ta hana shi ne mummunar ma'ana. Iyalan Kirista masu magana da Hausa sun riƙe wannan gado da kyau, suna haɗa Bitrus ko Istifanus ko Rifkatu da Ɗanladi, Alheri, Godiya, Murna. Waɗanda zan ce a yi tunani sau biyu kafin a rubuta su a takarda su ne masu ɗauke da baƙin ciki: Audi, wanda aka haifa bayan rasuwar uba, Talle na maraici, Ajuji na uwar da 'ya'yanta ke mutuwa. In gida ya kira yaro da su, gida ya san dalili, amma ba lallai ne baƙo a ofis ya karanta labarin a katinsa ba.

Sai maganar sauti, wadda mutane suka fi tambaya a kai kuma suka fi yi wa gurguwar fahimta, domin da yawa sun ɗauka dacewa ita ce sunaye su yi amsa-amo. Amina Sakina, Nasiru Bashiru, Hafsatu Ramlatu, waɗannan suna da daɗi a karon farko, amma a karo na ɗari sun koma kamar waƙar gaɗa, yara a makaranta kuma ba sa barin irin wannan ya wuce. Abin da kunne ke so shi ne nauyi ya daidaita. In aka ƙirga gaɓoɓin tagwayen sunayen da suka daɗe, galibinsu suna tsakanin huɗu da shida: Umar Faruk huɗu, Hauwa Kulu huɗu, Fatima Zahra biyar, Aliyu Haidar biyar, Abubakar Sadik shida, Muhammadu Sani shida. Numfashi ɗaya ke ɗaukarsu. Rabi'atu Adawiyya mai gaɓa takwas kuwa da wuya ka ji an faɗe shi duka, ko Rabi ko Adawiyya. Ƙa'idar da ta fito daga nan mai sauƙi ce: dogon suna ya sami gajere, gajere ya sami dogo ko matsakaici, a kuma duba na uba. In uban Abdulƙadir ne kuma an sa wa yaro Abdurrahman, to na tsakiya ya zama irin su Sani ko Bello ko Anas, kada a ƙara Abdul na uku. Bayan tsawo sai mahaɗa, wato inda ƙarshen suna na farko ya gamu da farkon na biyu. In baƙi ɗaya ne a ɓangarorin biyu sai sunayen su manne: Yusuf Faruk, Idris Sani, Adam Musa, duk a saurin magana ɗaya yana cinye ɗaya. In kuma na farko ya ƙare da wasali, na biyu ya fara da irinsa, kamar Amina Asma'u, sai murya ta riƙa tsayawa a maƙogwaro, in na uba ma Adamu ne ko Ahmad abin ya ƙaru. Akwai kuma zaɓi tsakanin siffar Hausa da ta Larabci. Harshenmu ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa Umar ya zama Umaru, Yusuf ya zama Yusufu. Kowace siffa daidai ce, amma a riƙe ɗaya: Umaru Faruku ko Umar Faruk.

Wani zai ce wannan duk ƙawa ce, ma'ana ce kawai abin dubawa. Na yarda ma'ana ce a gaba, kuma babu daɗin sautin da zai wanke mummunan suna. Amma sunaye masu kyakkyawar ma'ana ɗaruruwa ne, dole sai da wani abu za a rarrabe su, kuma suna abin furtawa ne kafin ya zama abin rubutawa. Wanda ya yi wa baki wuya, unguwa za ta gyara shi ba tare da neman izini ba, kamar yadda Abdullahi ya zama Audu, Hadizatu ta zama Dije, Maryamu ta zama Mairo. Saboda haka gwajin da nake ba da shawara a yi, tun kwana uku ko huɗu da haihuwa, na baki ne. Uba ya faɗi sunan duka uku da ƙarfi kamar malami na kiran rajista. Mai jego ta gwada suna na biyu shi kaɗai, da jan murya, yadda za ta kira yaro daga ɗakin girki yana can ƙofar gida. In sunan bai da wasalin da za a ja, za ta ji da kanta. Sa'an nan a faɗa wa tsohuwar gidan, wadda ba ta yi boko ba, a saurari abin da zai fito daga bakinta, domin wannan shi ne sunan da yaro zai amsa a gida. In an ce mata Khairat ta ce Hairatu, lafiya lau. In ta juya shi ya faɗa kan wata kalmar Hausa mai ban dariya ko ta batsa, an tsira tun da wuri. A ƙarshe a tambayi kai yadda samari za su gutsure shi, a kuma duba haruffan farko a jere, tunda akwai mutanen da da su aka san su, kamar M. D. Yusufu, Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya daga 1975 zuwa 1979, wanda cikakken sunansa Muhammadu Dikko Yusufu.

Gwaji na ƙarshe na takarda ne, kuma shi ne kakanninmu ba su sha fama da shi ba. Dokar rajistar haihuwa ta 1992 a Nijeriya ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar shaidar. Daga nan sunan zai bi ta rajistar firamare, ya shiga lambar NIN ta hukumar NIMC, wadda JAMB ta wajabta wa masu zana jarrabawarta tun 2021, ya shiga takardun WAEC da NECO, ya shiga BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, ya kai ga fasfo. Duk waɗannan gurbi uku suka sani, kuma kwamfuta ba ta san Mamman da Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ba ne. Yaron da takardar haihuwarsa ta ce Ibrahim Musa, rajistar makaranta ta ce Halifa Musa, NIN kuma ta ce Musa Ibrahim Khalifa, wata rana zai tsinci kansa a layin kotu yana neman takardar rantsuwa, daga nan ya biya kuɗin sanarwa a jarida, don kawai ya tabbatar shi ne shi. Maganin wannan bai wuce a tsayar da rubutu ɗaya da jeri ɗaya tun ranar farko ba. Wanda ya ga yaron zai rayu da laƙabinsa, to ya sa laƙabin a gurbin tsakiya tun a takardar haihuwa. A kuma san cewa layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba su ɗaukar ɗaurin hamza ko haruffa masu lanƙwasa, Sa'adatu za ta koma SAADATU, Ɗanladi ya koma DANLADI, kuma gurbin suna a wurin 39 ne kacal har da alamomin da ke raba sunayen. Sunaye uku kusan kullum suna shiga. Muhammad Abdurrahman Mustafa Abdulmumini kuwa yana buƙatar 41, dole a datse wani abu. Iyalan da ke da ƙafa ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi suna da ƙarin aiki, domin a Nijar da rubutun Faransanci ake rajista, Usman ya zama Ousmane, Hauwa ta zama Haoua. Su zaɓi wanda zai zama na takarda su tsaya a kansa.

Saura masu cewa sunan tsakiya al'adar Turawa ce, iyayenmu suna ɗaya suka sani. Gurbin da ke kan fom ne baƙo, amma sarakunan Sakkwato da aka ambata a sama sun riga fom zuwa, Larabawa kuma tun kafin su suna da suna da alkunya da laƙabi da nasaba. Ibnul Ƙayyim a Tuhfatul Maudud ya yi magana a kan halaccin sa wa yaro suna fiye da ɗaya, Annabi (SAW) ma ya faɗi sunayensa da dama a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cikinsu har da Muhammad da Ahmad. Inda masu wannan ra'ayi suke da gaskiya shi ne ba kowane yaro ne ke buƙatar suna na biyu ba. Wanda aka sa wa Zakariyya ko Luƙman, ba takwaran kowa ba a gidan, babu mai jin nauyin kiran sunansa, kuma sunan ubansa ba irin nasa ba ne, to na kaka ya isa ya cike gurbi na uku. Wanda ba zai iya yi ba tare da shi ba shi ne takwaran kaka, da ɗan gidan da kowa Muhammadu ne ko kowa Fatima ce, da wanda sunansa ya zo ɗaya da sunan gidansu, inda na tsakiya ne kaɗai ke shiga tsakani, kamar a Sanusi Lamido Sanusi. Abin da ba na goyon baya shi ne mai da gurbin wurin sasanta dangi, a tara suna huɗu don kada ran kowa ya ɓaci. Raɗa suna haƙƙin uba ne, kuma abu ne mai kyau ya bar wa uwa na biyun, ita da ta sha wahalar ciki da naƙuda, ita ce kuma za ta fi kowa kiransa. Amma guda ɗaya. Gwaggo da kawu su jira haihuwa ta gaba.

In an gama duk wannan, daren suna a rubuta sunan a 'yar takarda, da boko da kuma Larabci in sunan na Larabci ne, a jere yadda ake so ya zauna. Da safe bayan asuba, lokacin da jama'a suka taru a ƙofar gida ana raba goro da dabino, wannan takarda za a miƙa wa liman, kada a bar shi da abin da aka raɗa masa a kunne cikin hayaniya. A gaya masa ya ambaci sunayen biyu, sanƙira ma ya ɗaga murya da su biyun, a kuma aika cikin gida da su biyun, domin abin da mata suka ji da safen nan shi zai zauna a unguwa. Takardar nan kada a yar da ita. Da ita za a je wurin rajistar haihuwa, kuma kafin a bar teburin ma'aikacin a karɓi abin da ya rubuta a karanta harafi bayan harafi, a tabbatar bai ɗauki na tsakiya ya mai da shi na uba ba. Haka za a sake yi ranar da aka kai yaron makarantar boko da ta Islamiyya, domin a nan ne aka fi samun malami ya tambayi yaro sunansa, yaro ya ce Abba, malami ya rubuta Abba.